Kafin Famfara: Ruɓewar Haƙoran Yara a Yankin Zurmi da Aikin da ke Jiran Masana Hausa

Gabatarwa

Hausa ta tanadi kalma ta musamman domin zubewar haƙoran farko na yaro, wato famfara. Kalma ce mai tafe da raha, da tsokanar mai giɓi, da camfin nan na ɓoye baki kada ƙadangare ya gani haƙori ya ƙi fitowa. Sai dai kuma da ita ake kashe zance duk lokacin da aka ga kogo a haƙorin ɗan shekara 3, a ce: “A bar shi, ai zai yi famfara.” Maganar gaskiya ce, lissafinta ne bai cika ba. Haƙoran farko guda 20 ne, sukan fara tsirowa a wajen wata 6 da haihuwa, su kammala kafin shekara 3. Na gaba ne ke fara zubewa a wajen shekara 6. Turame kuwa, waɗanda da su ake tauna, kuma su ne ke yawan yin kogo, ba sa faɗuwa sai tsakanin shekara 9 zuwa 12. Ke nan yaron da turminsa ya huje yana ɗan shekara 3, jiran da aka ɗora masa na shekara 6 ne ko fiye, yana tauna da ɓangare guda, yana kwana kuka idan ciwon ya motsa.

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa ba ce kaɗai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke ɗauke da ruɓaɓɓun haƙoran farko a faɗin duniya. Abin da ya sauya a ’yan shekarun nan shi ne an tabbatar da hanyoyin tsayar da ruɓar ba tare da injin huda haƙori ko allura ko wutar lantarki ba. Ra’ayin wannan maƙala shi ne, a wuri irin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda waɗannan hanyoyi su ya kamata su zama aikin farko, kuma karɓuwarsu ta rataya ne a kan sunan da za a kira su da bayanin da za a yi wa iyaye da Hausa. Wannan kuwa fage ne na masana harshe da al’ada.

Yadda Haƙori ke Ruɓewa

Bahaushe kan ce tsutsa ce ke cin haƙori, har ma akwai masu sana’ar “cire tsutsa” da turare ko jiƙo. Wannan fahimta ta kama wani ɓangare na gaskiya, domin lallai abu mai rai ne ke yin ɓarnar. Ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin danƙon dattin da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da tsami, tsamin kuma ya riƙa narkar da farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori. Miyau yakan wanke tsamin ya mayar da wani abu daga ma’adinan da suka narke. Idan zaƙi yana shiga baki a kai a kai, da alawa da biskit da lemon kwalba da shayi da kunu mai sukari, miyau ba ya samun sararin gyara, sai ɓawo ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓawon haƙorin yaro ya fi na babba sirantaka, shi ya sa ruɓa ke saurin kaiwa ga jijiya, daga nan sai zogi da kumburi da mugunya, wani lokaci har a taɓa haƙorin dindindin da ke kwance a ƙarƙashi.

Illar zancen tsutsa ita ce ba ya ambaton sukari ko kaɗan. Wanda ya yarda tsutsa ce zai nemi mai cire ta, ba zai duba abin da ke hannun yaro ba. Akwai kuma wani ilimi da ya canja aikin likitoci: ƙwayoyin da aka toshe musu hanyar abinci, ko aka kashe su a inda suke, ba sa ci gaba da ɓarna. Saboda haka ba dole ba ne a fafe duk wurin da ya ruɓe kamar yadda aka saba koyarwa a da.

Zurmi da Nisan Kujerar Likita

Aikin haƙori irin na birni yana buƙatar kujera ta musamman, da injin huda, da ruwan famfo, da wuta mai ɗorewa, da likita. Idan yaron ƙarami ne ƙwarai kuma haƙoran da suka lalace suna da yawa, akan kai ga sa shi barci a ɗakin tiyata. Wuraren da mutanen arewacin Zamfara suka fi dogara da su domin irin wannan aiki su ne manyan asibitoci, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mutumin Dauran ko Moriki da zai kai ɗansa Gusau sai ya bi ta Ƙauran Namoda, a kan hanyar da kowa ya san halin da ’yan bindiga suka jefa ta. A watan Disamba na 2023 faɗa ya tsananta a garin Zurmi har ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta janye wasu ma’aikatanta na ɗan lokaci. Ba laifi ba ne ga uba ya ƙi ɗora iyalinsa a kan wannan hanya saboda haƙorin da ya san wata rana zai faɗi. Abin da ya rage masa shi ne maganin kashe zafi na kemis, ko kanumfari, ko a ƙarshe a fizge haƙorin.

Ga kuma tamowa. Gwajin da MSF da hukumomin lafiya na jihar suka gudanar a Shinkafi da Zurmi a watan Yunin 2024 ya nuna cewa sama da yaro 1 cikin kowane 4 ’yan ƙasa da shekara 5 na fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Tamowa da ciwon haƙori suna ciyar da juna. Yaron da bai ƙoshi ba a lokacin da haƙoransa ke ginuwa yakan fito da ɓawo mai rauni, miyaunsa kuma yakan ragu. Yaron da haƙori ke yi wa zogi kuwa ba ya tauna, sai ya tsotsi abu mai laushi da zaƙi. Hatta abincin gyaɗar nan da ake bai wa masu tamowa, wanda ya ceci rayuka masu yawa kuma bai kamata a rage shi ba, yana da sukari, yana kuma manne wa haƙori. Ya dace a haɗa rabonsa da koyar da goge baki.

Hanyoyi Uku

Hanya ta farko wani ruwa ne marar launi da likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan SDF, wanda aka haɗa daga azurfa da fulorayid da amoniya. A Jami’ar Osaka ta ƙasar Japan aka samar da shi a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma shafe shekaru ana amfani da shi a can kafin Amurka ta amince da shigarsa kasuwarta a 2014. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Aikinsa ba wuya: a share kogon, a kare shi da auduga, a busar, a ɗiga ruwan da ɗan ƙaramin burushi, a jira kamar minti 1. Azurfar tana kashe ƙwayoyin cuta, fulorayid kuma yana ƙarfafa abin da ya rage na haƙori. Ɗigo guda kan ishi haƙora kusan 5. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna yana tsayar da kusan kashi 80 cikin 100 na ruɓar haƙoran farko, kuma shafawa sau 2 a shekara ta fi sau 1 aiki. Aibinsa a fili yake: wurin da ya ruɓe yakan koma baƙi ƙirin, kuma haka zai zauna har haƙorin ya faɗi.

Hanya ta biyu a Afirka aka haife ta. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya inda injunan huda suka lalace kuma wuta ba ta da tabbas. Sai ya koma ƙwaƙule laushin ruɓa da ƙananan kayan hannu, yana cike ramin da wani sumunti na musamman mai kama haƙori da kansa, mai kuma sakin fulorayid sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da wannan hanya a Ranar Lafiya ta Duniya, 7 ga Afrilu, 1994, shi ma sumuntin ya shiga jerin muhimman magunguna a 2021. Ciko irin wannan ya fi ɗorewa a ƙaramin rami mai fuska guda, kuma ana iya yin sa a kan benci a ajin makaranta. Akan ma haɗa shi da ruwan azurfar: a tsayar da ruɓa, sannan a rufe ramin don abinci ya daina maƙalewa.

Hanya ta uku ta fito daga Sukotland, daga hannun wata likita mai suna Norna Hall. Ita kan ɗauki ’yar hular ƙarfe marar tsatsa da aka ƙera daidai da turmin yaro, ta cika ta da sumunti, ta kifa a kan haƙorin, yaro ya ciza ta zauna. Ba allura, ba huda. Masu bincike na Jami’ar Dundee sun bi diddigin aikin, suka fara buga sakamakonsa a 2006, kuma gwajin da ya biyo baya ya nuna hular ta fi cikon da aka saba yi ɗorewa. Wannan hanya ta fi sauran biyun tsada da buƙatar ƙwarewa, don haka wurinta shi ne manyan asibitocin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, a hannun ma’aikacin haƙori mai horo.

Duk ukun suna da iyaka guda. Idan ruɓa ta kai jijiya, haƙori na zogi da kansa cikin dare, ko dasashi ya kumbura yana fitar da mugunya, rufe shi ko shafa masa magani ƙara ta’azzara ciwo ne. Irin wannan haƙori na likita ne. Babban abin da za a koya wa ma’aikaci shi ne gane wanda ba a taɓawa.

Abin da Masu Ja za su Ce

Wani zai ce, a ƙasar da yara ke mutuwa da yunwa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, zancen haƙori almubazzaranci ne. Amsar ita ce ba sabon gini ko sabuwar tafiya ake nema ba. Sau 2 a shekara ana gudanar da makon kula da lafiyar mata da ƙananan yara, ana ba da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, ana auna damtse. Wannan tazara ta yi daidai da tazarar shafa ruwan azurfa. Tun 2014 Nijeriya ke da manufar miƙa wasu ayyukan lafiya ga ma’aikatan da ke kusa da jama’a, jihar kuma tana da kwalejin horar da irin waɗannan ma’aikata a Tsafe. Abin da ake buƙata shi ne hukumomin da ke kula da sana’ar haƙori su fayyace wanda aka yarje wa yin aikin, a horar da shi, a kuma tabbatar maganin mai rajistar hukumar NAFDAC ne.

Akwai wata riba ta daban ga buɗe bakin yaro a duba. Cutar nan mai cin fuska da likitoci ke kira noma ta fi kama yara ’yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, kuma arewa maso yammacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi yawa. Saboda ita aka kafa asibitin yara na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Ruɓewar haƙori ba ita ke haddasa ta ba. Amma daga kumburin dasashi da gyambon baki take farawa, a matakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci ke iya tsayar da ita. Ma’aikacin da ya saba leƙa bakin yara domin neman kogo shi zai fara ganin wannan gyambo.

Wani kuma zai ce wannan maganin talakawa ne, an ba su baƙin haƙori an bar wa masu hali farin ciko. Tarihin hanyoyin ya isa amsa: biyu daga cikin ukun a ƙasashe masu arziki aka ƙirƙiro su, kuma ƙungiyar likitocin haƙorin yara ta Amurka ta fitar da ƙa’idar amfani da ruwan azurfa a 2017, domin yana rage kai ƙananan yara ɗakin tiyata. Gaskiya ne dai cewa ba ya maye gurbin rigakafi. Rage zaƙi tsakanin abinci da goge baki safe da dare da man goge baki mai fulorayid, gwargwadon ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, gwargwadon ƙwayar wake ga wanda ya haura, su ne tushe. Aswaki yana kawar da danƙon datti kuma yana da gindin zama a addini da al’ada, saboda haka a kansa ya kamata a ɗora, a ƙara masa man.

Suna da Bayani

Babbar barazana ga wannan aiki ita ce baƙin da magani ke bari. A ɗauka uwa ta kai ɗanta auna damtse, ta dawo gida, washegari haƙoransa na gaba sun yi baƙi, alhali maigida da surukarta ba su san da zancen ba. Kafin mako ya zagayo labari ya cika ƙauye cewa ma’aikatan asibiti suna ƙona haƙoran yara. Wanda ya tuna yadda jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, ciki har da Zamfara, ya san irin nisan da magana kan yi. Ga shi kuma jihar ba ta manta da gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ba, wadda ta kashe yara sama da 400. Duk wanda zai ce zai sa wa yaro ruwan wani ƙarfe a baki a Zamfara, wajibi ne ya iya bambance azurfa da dalma da harshen da tsohuwa za ta gamsu.

Masana Hausa sun fi kowa sanin cewa sunan cuta yana ɗauke da bayanin musabbabinta. Shan inna misali ne: sunan da kansa ya ɗora ciwon a kan iska, kuma mai wannan fahimta ba asibiti zai fara nufa ba. Ita kuwa kalmar noma, wadda likitoci suka gada daga Girkanci, ta yi karo da noman gona a rubuce, har allon asibitin Sakkwato kan iya rikita mai karatu. Idan ba a raɗa wa ruwan nan suna ba, kasuwa za ta raɗa masa, kuma ba lallai sunan ya yi daɗi ba.

Kowane suna da za a kawo yana da riba da hasara. “Ruwan azurfa” ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki, azurfa kuma abar ado ce mai daraja, amma bai gargaɗi kowa game da baƙi ba. “Lallen haƙori” ya kawo hoton abin da ake shafawa ya rina, kuma idan ruwan ya taɓa fata tabonsa kan goge bayan ’yan kwanaki kamar na lalle, sai dai a haƙori ba ya gogewa, don haka sunan zai yi alƙawarin da ba zai cika ba. “Tsai da ruɓa” ya faɗi aikin, amma ba shi da armashi a baki. Ita kuwa hular ƙarfe, da wuya ta kwana biyu ba a kira ta haƙorin Makka ba, kuma wannan na iya jawo mata farin jini, yana kuma iya sa a ɗauke ta ado a nema wa lafiyayyen haƙori. Tarihin cin fure da goro a tsakanin mata ya nuna cewa rinannen haƙori ba kullum ne abin kunya ba a ƙasar Hausa, amma ja daban, baƙi daban. Ba a teburin ofis za a yanke wannan hukunci ba, sai an gwada sunayen a bakin iyaye mata da kakanni da ungozomai da wanzamai da limamai.

Haka ma bayanin da za a yi kafin a taɓa yaro. Ya kamata ya zama gajere, ya fara da abin da ake tsoro, kamar a ce: “Malama, wurin da ya ruɓe zai yi baƙi, kuma ba zai koma fari ba har haƙorin ya faɗi. Lafiyayyen wuri ba zai canja ba. Baƙin shi ne alamar ruɓar ta tsaya. Haƙorin da zai fito bayan famfara fari zai fito. Ki je ki shawarci maigida, in kun amince ku dawo.” A nuna hoto kafin da bayan shafawa, a kuma fara da turame waɗanda ba a gani idan yaro ya yi dariya. Wannan bayani dole ya fito da karin harshen yankin, inda dattijuwa kan ce haure a wurin da Bakano zai ce haƙori, a rubuta shi da boko da ajami, a yi na Fulatanci, a kuma naɗe shi a murya domin rediyo da wayar hannu.

Kammalawa

Masana Hausa sun taɓa yin irin wannan aiki. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad, kuma da irin waɗannan kalmomi ake koyar da ɗalibai har yau. Lafiyar baki ma tana buƙatar nata ƙaramin ƙamus, wanda bai fi ’yan shafuka ba: sunayen sassan haƙori, da matakan ruɓa, da alamomin haɗari, da sunayen hanyoyin nan uku. Jami’ar Tarayya ta Gusau da Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo suna cikin waɗanda ke kusa da yankin, Jami’ar Bayero kuma tana da tsangayar likitancin haƙori da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a inuwa guda. A cikin ɗalibansu akwai ’yan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda da ke neman batun kundin digiri, waɗanda za su iya shiga gidajen da baƙo ba zai shiga ba, su tattaro yadda iyaye ke kiran ciwon haƙori, da abin da suke yi masa, da sunan da ya kwanta musu. Lokacin yin wannan bincike shi ne yanzu, kafin kwalbar farko ta isa asibitin ƙauye, domin gyaran suna bayan ya ɓaci ya fi raɗa shi wuya.